Musayar Waƙa: Kujera Ko Ƙuri'a?

Ɗan Gusau: Salamu alaikum 'yan zaure. In zaɓen majalisa ya yi kankankan, wa ya cancanci kafa gwamnati? A zaɓen majalisar tarayya ta Najeriya na 1959 kujeru 312 ne: jam'iyyar NPC 134, NCNC da abokiyar ƙawancenta NEPU 89, AG 73. Bismillah.

Da babu wanda ya kai rabin kujera,
Sardauna da Zik suka zauna shawara,
Balewa ya hau, tafiya ta fara,
Ƙawance halas ne, ba a kai shi ƙara.

Bakaben Argungu:
Kai ne da zancen halas, ɗan Zamfara?
Tuna 2019 kafin ka ƙara,
Mai ƙuri'a fiye da rabin miliyan ya rasa kujera,
Alƙalai suka naɗa gwamna, ba mutanen karkara ba.

Malam Na Ƙaura: Bakabe, ɗango na uku ya fi ƙarfin numfashi, kuma "ba" ɗin ƙarshe ta karya amsa-amo. A gyara.

Bakaben Argungu: Allah gafarta Malam, ma'ana muke bi. A zaɓen gwamnan Zamfara, Mukhtar Idris na APC ƙuri'a 534,541, Matawalle na PDP da aka ba kujerar 189,452. Auna wannan a karinka.

Ɗan Gusau:
Bakabe, koma wa komarka da gora,
Sanin doka ya fi su a Matan Fada,
APC ba ta fid da gwani bisa ƙa'ida,
Kotun Ƙoli ta zuba ƙuri'unta a shara.
Ku da zaɓen 2023 bai kammalu ba,
Sai da kuka koma layi a Afrilu!

Ɗan Anka: Allah ya ja zamaninka Ɗan Gusau! Ka gama da Kabi kaf.

Malam Na Ƙaura: Bai gama da kowa ba. Ya taso da "ra", ya faɗa "da", ya ƙare a "lu". Wannan ba waƙa ba ce.

Ɗan Anka: Malam, kullum awo, ba mu taɓa ganin baitinka ba.

'Yar Mafara: Yayyena, ku yi haƙuri, sai yanzu na samu caji.

Tun asuba nake kan layi a Mafara,
Da goyo a baya, ban ko karya ba,
Tawada a yatsa, rana ta ƙona ni,
Manya suka yi rigimar fid da gwani,
Ni aka ce ƙuri'ata ta tafi shara.
Hukunci na bi shi, amma zuciya ba ta bi ba.

Bakaben Argungu: Hajiya, kin faɗi abin da na kasa. Ɗan Gusau, amsa mata.

Malam Na Ƙaura: Ɗangon ƙarshe ya yi tsawo, Hajiya, amma kada ki taɓa shi.