Abin da na tsinta a muhawarar fidda gwanin Republican

Jama'a zancen da aka yi kan irin ɗan takarar shugaban ƙasa da ya kamata jam'iyyar Republican ta Amurka ta tsayar ya yi tsawo, ga dai abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda cewa mai burge 'yan jam'iyya daban, mai iya cin babban zaɓe daban, don haka a fara duba ƙarfin mutum a jihohin da ba su da alƙiblar jam'iyya ɗaya irin su Pennsylvania, Georgia da Arizona.

2. An rabu kan 'yan sassauci. Wasu sun ce su ne ke jawo 'yan ba-ruwanmu, wasu suka ce ai da wannan lissafin aka tsayar da McCain a 2008 da Romney a 2012 kuma duk Obama ya kayar da su, shi kuwa Trump da aka ce ba zai kai labari ba sai ga shi ya lashe 2016. Ni dai hujja ta biyun nan ta fi kama hankalina.

3. Kar a ruɗu da farin jinin gida. DeSantis ya yi kaca-kaca da abokin hamayyarsa a zaɓen gwamnan Florida a 2022 amma zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa na jihar Iowa kawai ya gani a 2024 ya janye.

4. Ƙuri'ar jin ra'ayi tun da wuri kam, mutum biyu ne kawai suka kare ta.