Tsoho ya daina ci: a ɗaura masa ruwa a gida ko a bari?

Mai kula da zaure: Salamu alaikum jama'a. Wani gida ne a Unguwar Rogo, Jos, suka roƙi a kawo maganarsu nan. Mahaifinsu na fama da dajin hanta, ciwon ya yi nisa, likitoci sun ce babu sauran aikin da za a yi, an dawo da shi gida. Ciki ya kumbura, ƙafafu ma haka. Yanzu ya daina ci, ko kunu aka kawo sai ya kau da kai. Babban ɗan ya ce yunwa ce za ta kashe Baba kafin cutar, don haka a samo wanda zai riƙa ɗaura masa ruwa kullum. 'Ya'yan tsohon mata sun ƙi. Masu sani, bismillah.

Hajiya, Gangare: Ni dai ina bayan babban ɗan. Wa ya taɓa rayuwa ba ci ba sha? A zuba wa tsoho ido, gobe dangi su ce 'ya'yansa sun bar shi da yunwa? Ko leda biyu ce a rana ai za ta riƙe shi.

Nas, Rikkos: Hajiya, Allah ya ƙara girma, mu duba abin da ke cikin ledar tukuna. Ledar ruwan gulukos ta kashi 5 cikin 100, mai rabin lita, giram 25 na sukari ne kawai a ciki, wajen cokalin shayi 6. Ledar ruwan gishiri kuwa babu abinci a cikinta ko kaɗan, gishiri ne giram 9 a kowace lita. To ina abincin yake? Sannan mai irin wannan ciwo, hantarsa ta daina yin sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya. Abin da aka ɗura ba ya zama inda ake so, sai ya tsiyaye ya taru a ciki da ƙafafu, wani ya hau huhu. Cikin ya ƙara tashi ya danne numfashi, majina ta yi yawa a maƙogwaro. Masu jinya su ga yana haki su ce ciwo ne ya tashi, alhali ledar jiya ce.

Mai kemis, Titin Bauchi: Sista, ban ƙi taki ba, amma kin yi saurin yanke hukunci. Hanta ce rumbun sukari a jiki. Idan ta lalace kuma mutum ba ya ci, suga na iya faɗuwa, ya yi gumi, ya rikice, ya suma, a ɗauka ajali ne. A gwada da ɗan injin gwajin suga. In ya yi ƙasa da 4, ko ƙasa da 70 in injin mai ƙirga da manyan lambobi ne, wannan gulukos yake buƙata, ba jira ba. Kuma a tambaya: yana da ciwon suga? Ana ci gaba da ba shi ƙwayoyinsa ko allurar insulin alhali ya daina ci? Wannan ya fi yunwar haɗari.

Likita, Lamingo: Ku biyun ba tambaya ɗaya kuke amsawa ba. Abin da za a fara rabewa shi ne: rashin cin ne ke kai shi, ko kusantowar ajali ce ta hana shi ci? Akwai abubuwan da ke hana ci waɗanda ake gyarawa. A haska bakinsa da tocilan, in an ga farin abu ya manne a harshe da kumatu, wannan naman gwari ne, yana sa haɗiya zafi, kuma akwai maganin ɗigawa. A tambaya yaushe rabonsa da bayan gida, domin magungunan rage ciwo irin su tiramadol da mofin na busar da ciki, kuma ga mai ciwon hanta rashin bayan gida na jawo ruɗewa da yawan barci. Tashin zuciya ma akwai maganinsa. Idan kuwa amai da gudawa ne suka zuƙe shi, shekaranjiya yana zaune yana hira, to ruwa na da amfani, amma likita ya auna, a sa shi a hankali, ana sauraren ƙirji.

In an duba duk wannan babu, ga shi barci ya fi farkawa yawa, fitsari ya ragu ya yi duhu, hannu da ƙafa sun fara sanyi, to jiki ne ya daina karɓa. A wannan gaɓar yawancin marasa lafiya ba sa kukan yunwa. Bushewar baki ce ke damunsu, ita kuwa ledar ruwa ba ta cika magance ta ba.

Hajiya, Gangare: To Likita, in ruwan ba zai yi ba, a riƙe shi a ɗura masa kunu da cokali mana. Haka muka ga iyaye na yi.

Nas, Rikkos: Hajiya, don Allah ban da ɗura. Wanda ƙarfin haɗiyarsa ya tafi, abin da aka zuba masa hanyar iska yake bi ya faɗa huhu, daga nan sai zazzaɓi da namoniya. Alamarta tari yayin sha, ko murya ta koma kamar akwai ruwa a wuya. Wani ma ba ya tarin sam.

Yadda ake yi: a jira sai idonsa biyu sosai. A tada shi da matasai ya kusa zama, haɓa ta ɗan sunkuya, kada a ɗaga kai baya. Rabin cokalin shayi, a jira a ga maƙogwaro ya motsa, sannan a ƙara. Abu mai ɗan kauri, kamar koko ko kunun gyaɗa ko kindirmo, ya fi tsurar ruwa sauƙin haɗiya, domin ruwa ya fi saurin zarcewa. Ya kau da kai, a tsaya. Bayan nan a bar shi a jingine rabin awa. Cokali uku da ya so sun fi kofi guda na dole.

In haɗiyar ta tafi gaba ɗaya, sai a koma kan baki. A naɗe tsaftataccen bandeji a yatsa, a tsoma a ruwa, a matse, a goge harshe da dasashi da cikin kumatu, kowace awa, ko fiye in yana numfashi da baki a buɗe. Leɓe a shafa man kaɗanya. In yana kan iskar oksijin ne, kada a sa basilin ko wani mai kusa da robar hanci. Ga sanyin Jos da hunturu, baki na saurin tsagewa. Amma kada sanyin ya sa a kunna gawayi a rufe ɗaki, bargo da safa sun isa.

Malam, Dilimi: Hajiya, batun alhaki kike jin tsoro, kuma tsoron a muhallinsa yake. Hana mara lafiya abin da yake nema zalunci ne. Tilasta masa abin da jikinsa ya ƙi kuma wani abu ne daban. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke hana tilasta wa marasa lafiya cin abinci, domin Allah ne ke ciyar da su yana shayar da su. A riƙa miƙa masa, in ya karɓa madalla. Masu zamzam su jiƙa masa leɓe da shi. A riƙa faɗin kalmar shahada kusa da shi cikin taushi, ba a ce masa "faɗi, faɗi" ba, in ya faɗa a ƙyale shi. Gardamar leda kuma a fita da ita tsakar gida, yana iya jin ku ko idonsa a rufe.

Mai kemis, Titin Bauchi: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Sai dai ina nan kan bakata: a gwada suga kafin kowa ya ce lokaci ne. In ya faɗi kuma ba ya iya haɗiya, a lakaci zuma kaɗan a goga a cikin kumatu, a kwantar da shi ta gefe, a kira likita. Kuma a ɗauke magungunan rage ciwo irin su diklofenak da ibufurofen daga ɗakin, masu ciwon hanta na saurin zubar jini a ciki.

Hajiya, Gangare: Na ji bayanin ledar. Amma wa zai fahimtar da ƙannen tsohon in sun iso daga Bauchi suka tarar ba a ɗaura komai ba? 'Yan matan nan za su ɗora wa laifi.

Likita, Lamingo: Kada a bar wa 'yan matan. Babban ɗan ya koma asibitin da suka sallame su da katin Baba da duk ƙwayoyin da yake sha, ya nemi a rage waɗanda ba su da sauran amfani, a rubuta maganin ciwo da za a iya ba shi in haɗiya ta gagara. Ya tafi da ɗaya daga cikin baffannin, ya ji da kunnensa daga bakin likita. Mai kula da zaure, ka tambayo mana ko tsohon na da ciwon suga, da kuma yaushe ya yi fitsari na ƙarshe.