Yayana yana shan maganin Sida, amma walwalarsa ta ɗauke

Ƙanwa daga Birni:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da aka gano yayana yana ɗauke da ƙwayar cutar Sida, kuma yana shan magani, har jikinsa ya murmure. Sai dai tun bayan sallar layya ya daina zuwa rumfarsa a kasuwar Dole, ya ƙaurace wa fadar abokansa, kuma idan aka kai masa tuwo da dare, da safe sai a tarar da kwanon a rufe yadda aka ajiye shi. Inna ta ce sammu ne, kawu ya ce ƙarancin tawakkali ne. Cutar ce ta taso, ko wani abu ne dabam?

Majon asibiti mai ritaya:
Wa alaikumus salam, ƴata. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon damuwa, wanda ya fi yawa ga masu wannan cuta fiye da sauran jama'a. Idan baƙin ciki, rashin barci da ƙin abinci suka wuce mako biyu, lamarin ya zama na likita. Ku duba sunan da ke jikin kwalbar maganinsa. Maganin Sida mai suna efavirenz yakan jawo mugun mafarki, jiri da ƙuncin zuciya, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir a kansa, ko da yake shi ma yakan hana wasu barci. Kada ya dakatar da magani da kansa, domin ƙwayar cutar za ta sake yawaita a jini. Ku raka shi inda yake karɓa, a auna jininsa, a duba tarin fuka, sannan a faɗa wa likita komai. Idan ya taɓa cewa gara mutuwa, ku kai shi yau, kada a bar shi shi kaɗai.

Mai ɗinki a Zango:
Ni ma na yi wata huɗu a ɗaki, kuma abin da ya karya ni shi ne ranar da aka ware mini moɗa a gidanmu, alhali cutar ba ta yaɗuwa ta ruwan sha ko kwanon abinci. Ƙanwata, ki lura ko an fara yi masa haka. Ki zauna ku ci tuwo a kwano ɗaya, ko da bai ce uffan ba.

Ƙanwa daga Birni:
Na gode, Baba Majo. Yaya mai ɗinki, gaskiya akwai kofin roba da aka ware masa. Ranar Litinin zan raka shi asibiti, in Allah Ya yarda.