Albashin fasto: daga baiko ko daga guminsa?

Matashi, Sabon Gari, Damagaram: Salama gare ku. Ni dai a ganina a daina biyan fasto albashi daga baikon Lahadi. Manzo Bulus ɗinkin tanti ya yi a Koranti, a gidan Akila, ya ci da kansa. Kuɗin nan a yi gyaran rufi da shi, a taimaki gwauraye da marayu.

Ma'ajin ikilisiya: Ɗana, rabi ka karanta. Bulus ɗin ne ya rubuta a 1 Korintiyawa 9:14 cewa Ubangiji ya umarta masu shelar bishara su ci daga bishara. Shi ne ya zaɓi barin haƙƙinsa, bai hana wani karɓa ba. Ni nake ƙirga baikon, yawanci ƙananan kuɗi ne. In an biya ruwa da lantarki, abin da ya rage ba ya kai gidan fasto ƙarshen wata.

Matashi, Sabon Gari: To Baba, ai ka ƙarfafa maganata. Tunda ba ya isa, a bar shi ya nemi sana'a.

Uwa, zumuntar mata: Wace sana'a, yaro? Ya buɗe shago a kasuwar Dole, a kira shi asibiti da hantsi, ya rufe, gobe jana'iza, jibi sulhun aure? Na ga matar fastonmu tana auna gero da tiya, tana rage hannu saboda baƙin da ba su daina sallama. Mu ke tura masa baƙin, ya kamata mu ciyar da su.

Mai bishara, wajen Matamaye: Mama, ku na birni kuna maganar albashi. Mu nan sai kaka ta yi ake kawo damin gero, in damina ta yi gardama shi ke nan. Ina noma, ba na jin kunya, amma a watan Agusta rumbuna da na membobi tare suke ƙarewa. Abin da nake roƙo asusu ɗaya ne, ikilisiyoyin gari su zuba, a raba har ƙauye.

Ma'ajin ikilisiya: Na goyi baya. Da aka ƙona majami'u a nan Damagaram a Janairun 2015, taimakon da ya zo na gini ne, wanda ake yi sau ɗaya. Cin yau da gobe a wuyanmu yake.

Matashi, Sabon Gari: Na yarda da na ƙauye. Amma sharaɗina, a riƙa karanta lissafi a gaban jama'a duk wata uku, kuma kada fasto ya riƙe mabuɗin akwati. Baba Ma'aji, za ka kai wa dattawa wannan ranar Lahadi?