Neman kalma: me za mu kira "lay member" da Hausa?

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum. Ina da shiri a rediyo gobe da safe kan hukumar NICE ta Ingila, wadda aka kafa a 1999. Ita ke duba sabon magani ta ce ko asibitocin gwamnati su saye shi ko a'a. A kwamitocinta akwai mutanen da ba likitoci ba, ba masana magunguna ba, wasu majinyata ne, wasu masu jinyar 'yan uwansu, kuma ana yanke hukunci da su. Su ake ce wa "lay members". Na rubuta "'yan sa-kai" amma raina bai kwanta ba.

Malamar jinya: Kada ka soma. A Zamfara ko Katsina ka ce ɗan sa-kai, mai sauraro mutum zai gani riƙe da bindiga. Ka ce wakilan jama'a.

Ɗan Damagaram: Hajiya, wakili aike ne. Wa ya aike su? Su da kansu suke neman kujerar, a tantance su. Abin da idonsu ya gani a gadon asibiti suke kawowa, ba saƙon wata ƙungiya ba.

Baba Malam: Idon gari. Shekaru ina cewa a ɗauki wannan. Kuma tun farko me ya kawo "kwamiti" a bakinku? Muna da majalisa, muna da zaure.

Malamar jinya: Baba, ranka ya daɗe, kwamiti ta zauna. Ko tsohuwa a ƙauye ta san kwamitin masallaci.

Baba Malam: Da haka ake kashe harshe, 'yata. Kun bar gidajen rediyon waje suna yanka muku Hausa.

Ɗan Damagaram: Baba, mu da aka yi wa boko da Faransanci ba mu taɓa jin Hausarmu ta ragu don aro ba. Kuma "idon gari" ga kunnena mai leƙen asiri ne. Ido kallo yake yi, waɗannan kuwa hannu suke ɗagawa.

Baba Malam: To Hausar Kano ce ba ta yi maka ba, faɗi gaskiya.

Ɗan Damagaram: Ban ambaci Kano ba, Baba.

Malamar jinya: Don Allah mu dawo. Abin ya shafe mu. A 1996 aka yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan da yara wajen 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ba ne. Da a ce akwai uwa ɗaya daga unguwa a inda ake ba da izini, da ta tambayi abin da likita bai tambaya ba. Sunan da za mu sa kada ya ƙasƙantar da ita. Shi ya sa ban yarda da "gama-gari" ko "talaka" ba.

Mai shirin lafiya: To ga abin da zan karanta: "mutanen gari a kwamiti, wato waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba amma suna da ƙuri'a." Daga nan in riƙa cewa mutanen gari.

Ɗan Damagaram: Tilon fa? Mutumin gari, mutuniyar gari. Ya ɗan yi tsawo, amma ya wuce.

Baba Malam: Bayani ne wannan, ba kalma ba. Je ka yi shirinka. Ni dai a ajina idon gari zan ci gaba da koyarwa.