Yadda za a saita e2guardian ya riƙa rubuta shafukan da aka shiga ba tare da ya toshe su ba

Mai_Kula_Da_Lab:
Assalamu alaikum. Ina kula da ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare, inda muka ɗora e2guardian, wato manhajar tace shafukan intanet, tare da Squid, manhajar da kwamfutoci ke bi ta cikinta su shiga intanet, a kan na'ura mai amfani da Debian, wani nau'in Linux. Shugaban makaranta yana so mu fara sanin shafukan da ake shiga kafin a yanke shawarar abin da za a toshe, don kada matatar ta hana malamin kimiyya darasin sassan jiki saboda ta ɗauka batsa ce. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in zuba adireshin kwamfutocin duka cikin exceptioniplist, wato jerin kwamfutocin da aka keɓe daga tacewa. Shin hakan ya wadatar?

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan shawarar ba za ta biya maka buƙata ba. Duk kwamfutar da ke cikin wannan jerin, matatar ba ta tsayawa ta auna kalmomin shafin da aka buɗe a kanta, saboda haka ko ka ga adireshin shafi a rajista, wato fayil ɗin da manhajar ke rubuta shafukan da aka shiga, ba za ka san ko yana cikin waɗanda da an toshe ba, alhali kuwa wannan shi ne ainihin abin da shugabanku yake nema.

Abin da ya dace shi ne ka buɗe e2guardianf1.conf, wato fayil ɗin saitin rukunin farko na masu amfani, ka mayar da reportinglevel zuwa -1. Da wannan lambar matatar za ta ci gaba da tantance kowane shafi kamar yadda ta saba, ta rubuta abin da ta gani, sannan ta bar shi ya wuce. Tsarin tsoho ne, tun daga DansGuardian, manhajar da e2guardian ya samo asali daga gare ta, aka gaje shi. Daga nan ka duba loglevel a cikin e2guardian.conf: 1 tana rubuta abin da aka hana kaɗai, 2 tana rubuta shafukan rubutu, 3 kuma tana rubuta kowace buƙata. Ni dai na fi son 2, domin 3 tana cika rajista da hotuna. Ka sake kunna manhajar, ka duba /var/log/e2guardian/access.log.

Hajiya_Sadarwa:
Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai akwai iyakar da ya kamata Malam ya sanar da shugabansa tun yanzu. Yawancin shafuka a yau suna amfani da HTTPS, wato tsarin da ke sirranta sadarwa tsakanin kwamfuta da shafi, don haka abin da zai bayyana shi ne sunan gidan yanar kaɗai, kamar youtube.com, ban da bidiyon da aka kalla ko kalmar da aka nema. Ganin cikin shafin yana buƙatar a kunna buɗe sirrin sadarwa, a kuma saka takardar shaidar makarantar a kowace kwamfuta, kuma ba na ganin hakan ya dace a matakin lura kawai, musamman tunda malamai na iya shiga asusun bankinsu a wurin.

Haka kuma, rajistar nan bayanan mutane ce, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanai ta 2023. A liƙa sanarwa a ɗakin, a taƙaita masu iya karanta fayil ɗin, a kuma sa logrotate, manhajar da ke kula da fayilolin rajista, ya riƙa goge tsofaffin bayanai.

Mai_Kula_Da_Lab:
Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Na mayar da lambar zuwa -1, na zaɓi 2, rajista kuma ta fara cika. Batun HTTPS zan gabatar wa shugaba a taron malamai, kuma ba zan kunna buɗe sirrin ba sai hukumar makaranta ta amince a rubuce.