Shanshui da Hausa: na tsaya a kan "zanen tsauni-da-ruwa"

1/ Jama'a, ku taya ni mu tsayar da kalma ɗaya. Sinawa suna da salon zane da suke kira shanshui, na tawada da buroshi a kan siliki ko takarda. Shan tsauni ne, shui ruwa. Me za mu kira shi da Hausa?

2/ An ba ni "zanen shimfiɗar ƙasa". Bai kwanta min ba, don wanda ya ji zai zaci taswira ce. "Zanen yanayi" kuwa hankalin mutum zai tafi ga zafi da sanyi da hasashen damina.

3/ Ku duba zanen Fan Kuan na zamanin daular Song, wajen shekara ta 1000, wanda ke gidan tarihi na Taipei a Taiwan. Tsayinsa ya kai mita 2. Tsauni ɗaya ya cinye wajen kashi biyu bisa uku na silikin, ruwa na zubowa daga gefensa siriri kamar zare, hazo ya lulluɓe gindinsa. Sai ka sunkuya ka ƙura ido kafin ka hango fatake da dabbobinsu can ƙasa. Da gangan ya ƙanƙanta su, domin a wannan salon ɗan Adam baƙo ne mai wucewa.

4/ Kuma komai da abin da yake nufi. Tsauni tsayuwa da ƙarfi, ruwa laushi da tafiya, ɗaya ba ya cika sai da ɗaya. Guo Xi, wanda ya yi zanensa na farkon bazara a 1072, ya kamanta babban tsauni da sarki a tsakiyar fadawansa. Itacen gora na nuna mutumin da ke lanƙwasa amma ba ya karyewa. Hatta farin filin da aka bari ba tawada yana cikin zanen, shi ne hazo ko tafki.

5/ Shi ya sa na zaɓi "zanen tsauni-da-ruwa". Na guji "dutse" saboda har na niƙa dutse ne. Na guji "kogi" saboda ya bar tafki da hazo a waje.

6/ Saura bishiyar nan mai ganye kamar allura da ba ta kaɗewa da hunturu, wadda suke zanawa don tsawon rai da juriya. Masana harshe, wane suna za mu raɗa mata?